Yadda Ake Feɗe Babbar Lamba, Tun Daga Wutsiya

Har gobe in ka tsaya gaban wata Hajiya mai atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi ka tambayi kuɗin turmi, ba mamaki ta ce maka miliyan uku. Baƙo sai gabansa ya faɗi, ɗan gari kuwa ya san sidi ɗari uku take nufi. Tun watan Yuli na 2007 aka datse wa sidi, kuɗin Ghana, sifili huɗu, dubu goma na da ya koma ɗaya, amma bakin 'yan kasuwa bai yarda da datsewar ba. Kakanninmu fataken goro ma da ƙwarya suke ƙirge, ɗari-ɗari, su haɗa dubbai a ka ba takarda ba alƙalami. Shi ya sa abin ke ɗaure mini kai: yaron da uwarsa ke juya miliyoyi da baki, in na rubuta masa lamba mai alƙaluma goma sha biyu a allo, sai ya ajiye biro ya ce, "Malam, wannan ai sai kwamfuta."

Na daɗe ina koyar da lissafi da yamma a wani zaure a unguwar Aboabo, yawanci ga masu shirin jarrabawar BECE da WASSCE. Abin da na fahimta shi ne, kusan duk tambayar da za a yi maka a kan wata lamba, amsarta tana kwance cikin tubalan da aka gina lambar da su. Tubalan nan su ne lambobin da a aji ake kira firayim, ni kuwa gagara-rabo nake ce musu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 'yan uwansu, waɗanda ba mai raba su daidai sai 1 da su kansu. Kowace cikakkiyar lamba da ta wuce 1, ko dai gagara-rabo ce, ko kuma gini ce na gagara-rabo da aka ninka, kuma hanya ɗaya tak ake gina ta. In ka rushe ginin ka jera tubalan, ka gama da ita.

Ga wadda za mu feɗe:

206,619,895,944

Da gangan na zaɓe ta, don akwai inda za ta ba da kai, akwai kuma inda za ta cije. Ka nemi takarda mai faɗi da biro. Kalkuleta ma ta zo, amma akwai maganarta a gaba.

Fara karanta ta tukuna

Ka sa waƙafi bayan kowane alƙaluma uku, kana ƙirgowa daga dama. Gida huɗu ke nan: 206, 619, 895, 944. Da baki: biliyan ɗari biyu da shida, da miliyan ɗari shida da goma sha tara, da dubu ɗari takwas da casa'in da biyar, da ɗari tara da arba'in da huɗu.

A nan Hausa tana da wani rami. In ka ce "dubu ɗari takwas da casa'in da biyar", wani zai rubuta 895,000, wani 800,095, kuma duk ba ka iya cewa sun yi laifi. Saboda haka in kana faɗa wa wani doguwar lamba ta waya, ko lambar shaidar momo ce, wato tura kuɗi ta waya, ka faɗe ta gida-gida, alƙalami bayan alƙalami: biyu sifili shida, shida ɗaya tara, haka har ƙarshe. Shi ma ya maimaita maka.

Sai ka ɗan auna girmanta da abin da ka sani. In tsohon sidi ce, a kuɗin yanzu miliyan ashirin ne da dubu ɗari shida da wani abu. In kuwa ka ce za ka ƙirga ta ɗaya-ɗaya, sakan guda lamba guda, ba barci ba cin abinci, shekara tana da sakan wajen miliyan talatin da ɗaya da rabi, ka ga sai ka haura shekara 6,500 kana abu ɗaya.

Maganar kalkuleta. Irin wadda yaranmu ke shiga jarrabawa da ita alƙaluma goma take nunawa. In lambarmu ta fito a matsayin amsa, abin da za ka gani shi ne 2.066198959 × 10¹¹. Ta haɗiye 44 na ƙarshe ba ta ce uffan ba. Wata yarinya mai ƙwazo ta taɓa kwafo mini 206,619,895,900 daga fuskar kalkuleta, ta tabbatar mini cewa lambar tana rabuwa da 5 da 10 da 100. Lissafinta ba kuskure, sai dai wata lambar daban ta yi wa aiki. Excel ma alƙaluma goma sha biyar yake riƙewa, na goma sha shida sai ya mayar da shi sifili. Don haka lambar asali ta zauna a takarda, da rubutun hannunka.

Wutsiya

An ce a feɗe biri har wutsiya. Lamba kam daga wutsiya ake fara ta.

Alƙalamin ƙarshe 4 ne. Lambar cika ce ke nan, ba mara ba, 2 yana raba ta. Tunda ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, 5 ya fita daga zance, 10 ma haka.

Biyun ƙarshe 44, kuma 44 ÷ 4 = 11, to 4 yana raba ta. Ukun ƙarshe 944, kuma 944 ÷ 8 = 118, to 8 ma ya shiga. Huɗun ƙarshe 5944, in ka raba da 16 sai ka sami 371 da saura 8. Nan ta cije. Biyu uku ne ke nan a cikinta, wato 2 × 2 × 2, ba ƙari.

Kar ka haddace wannan ba tare da ka ga dalili ba. A ce kuɗi ne an ɗaure su dubu-dubu, ga kuma 'yan canji a gefe, za a raba wa mutum takwas. Kowane ɗauri na dubu yana rabuwa lafiya, kowa 125. To ko ɗauri nawa ne ba ruwanka da su, rigimar tana wajen canjin da ke gefe, wato alƙaluma ukun ƙarshe. Ɗari yana rabuwa huɗu, shi ya sa biyun ƙarshe suka isa. Dubu goma tana rabuwa goma sha shida, shi ya sa aka duba huɗu.

Tara alƙaluma

2 + 0 + 6 + 6 + 1 + 9 + 8 + 9 + 5 + 9 + 4 + 4 = 63

Tara yana raba 63, saboda haka yana raba lambarmu, 3 ma haka. Dalili: goma tara ce da ɗaya, ɗari 99 ne da ɗaya, dubu 999 ce da ɗaya. In ana rabo tara-tara, kowace goma, kowane ɗari, kowace dubu, guda ɗaya take bari a ƙasa. Tara alƙaluma tattara waɗannan ɗai-ɗai ɗin ne kawai.

Sai dai wannan dabarar iyakarta 9. Ba za ta gaya maka ko 27 ya shiga ba. Wannan sai mataki na gaba.

Gida-gida: inda daɗin yake

Yawancin littattafan makaranta da sun zo kan 7 sai su kawo wata doka mai wahala, ninka na ƙarshe, ɗebe, sake ninkawa, wadda a lamba mai tsawon tamu sai ka yi ta kusan sau goma. Ni ban koyar da ita. Ga wadda ta fi.

7 × 11 × 13 = 1001. Dubu ke nan da ɗaya. Saboda haka in ka ɗauki gidajen nan huɗu, ka fara daga dama, kana ɗebewa kana ƙarawa bi da bi, abin da ya fito zai amsa maka tambaya uku a tashi ɗaya:

944 − 895 + 619 − 206 = 462

Yanzu ka manta da biliyoyi, 462 kawai za ka tuhuma. 462 ÷ 7 = 66, ba saura. 462 ÷ 11 = 42, ba saura. 462 ÷ 13 kuwa 35 ne da saura 7. To 7 da 11 suna ciki, 13 ba ya ciki. Har ma ka san cewa in ka raba dukan babbar lambar da 13, saura 7 za ka samu, alhali ba ka yi doguwar rabawa ba. In abin da ya fito ya faɗa ƙasa da sifili, kar ya dame ka wajen gane ko tana rabuwa: ka yar da alamar ɗebewa ka gwada lambar haka.

Ɗan'uwan wannan shi ne 999, wanda yake 27 × 37. Shi ba ɗebewa, tara gidajen kawai za ka yi:

206 + 619 + 895 + 944 = 2664

2664 ÷ 37 = 72 daidai. Ashe 37 yana ciki. 2664 ÷ 27 kuwa 98 ne da saura 18, to 27 ba ya ciki, tambayar da muka bari ɗazu ta amsu: uku biyu ne kawai, 3 × 3.

Akwai na ukunsu, 101. Ɗari da ɗaya ne, don haka sai a yanka lambar bibbiyu maimakon uku-uku: 20, 66, 19, 89, 59, 44. Daga dama, ɗebe, ƙara:

44 − 59 + 89 − 19 + 66 − 20 = 101

Ranar da na fara yin wannan a allo, wani yaro a baya ya ce, "Malam, wallahi da saninka ka shirya ta." Na ce masa ƙwarai kuwa. Amma dabarar tana aiki a kan kowace lamba, ko ta ce e ko ta ce a'a, kuma a'a ma amsa ce, tunda ta rage maka wanda za ka nema.

Sauke kaya

Mun kama 8, 9, 7, 11, 37 da 101. Yanzu a cire su ɗaya bayan ɗaya. Rabawar farko da hannu za ka yi, ko da kalkuletar waya in ka kwantar da wayar ta nuna alƙaluma da yawa. Daga ta biyu amsar ta dawo alƙaluma goma, kalkuletar makaranta ta iya da ita.

206,619,895,944 ÷ 8 = 25,827,486,993
25,827,486,993 ÷ 9 = 2,869,720,777
2,869,720,777 ÷ 7 = 409,960,111
409,960,111 ÷ 11 = 37,269,101
37,269,101 ÷ 37 = 1,007,273
1,007,273 ÷ 101 = 9,973

Abu biyu nake nacewa a kansu a nan, kuma su ne inda maki ke zubewa.

Na farko, in ka cire tubali ka sake tambaya ko akwai irinsa a ƙasa. Bayan cire 7 mun sami 409,960,111. Gida-gida: 111 − 960 + 409, wato 440 ƙasa da sifili. Bakwai ba ya raba 440, to 7 guda ne. Bayan cire 11: 101 − 269 + 37, wato 131 ƙasa da sifili, 11 ba ya raba shi. Bayan cire 37: 1 + 7 + 273 = 281, 37 ba ya raba shi. Da ba ka duba ba, sai wani 7 ya ɓuya a ciki ya ɓata maka duk abin da zai biyo.

Na biyu, ka binciki kowace rabawa da tsohuwar dabarar zubar da tara. Misali muna cewa 37,269,101 × 11 = 409,960,111. Tara alƙaluman ta farko: 29, sai 2 + 9 = 11, sai 1 + 1 = 2. Na 11 kuwa 2. Biyu sau biyu huɗu. Tara na amsar: 31, sai 3 + 1 = 4. Sun dace. In ba su dace ba, tabbas akwai kuskure. In sun dace kuwa kar ka saki jiki gaba ɗaya, domin wannan gwajin ba ya kama wanda ya musanya alƙaluma biyu, ya rubuta 69 a gurbin 96, tunda jimla ba ta canza ba. In kana shakka ka ƙara da gwajin 11.

Ƙashin da ya rage: 9,973

Daga biliyan ɗari biyu mun dawo ƙasa da dubu goma. Ko wannan tubali ne, ko shi ma gini ne?

Ba sai ka gwada duk lambobi har 9,972 ba. Masu raba lamba tagwaye suke zuwa, ƙarami da babba: 36 ita ce 2 × 18, 3 × 12, 4 × 9, 6 × 6. Ƙaramin ba ya taɓa wuce tushen murabba'in lambar, wato lambar da in ta ninka kanta take ba da ita. Ɗari sau ɗari dubu goma ne, ya riga ya wuce 9,973, to duk wanda zai raba ta, dole shi ko ɗan'uwansa ya zama ƙasa da 100. Gagara-rabo da ke ƙasa da 100 guda 25 ne. Mun riga mun sallami 2, 3, 5, 7, 11, 13 da 37. Saura goma sha takwas: 17, 19, 23, 29, 31, 41, 43, 47, 53, 59, 61, 67, 71, 73, 79, 83, 89, 97.

Nan ba wata dabara, zama za ka yi da kalkuleta. 17 ya bar saura 11, 19 ya bar 17, 23 ya bar 14. Wanda ya fi kusa shi ne 59, domin 59 × 169 = 9,971, saura biyu kacal, amma kusa ba ta kai ba. 89 ya bar 5, 97 ya bar 79. Babu ko ɗaya da ya shiga. 9,973 gagara-rabo ce, kuma ita ce mafi girma a cikin waɗanda ba su kai dubu goma ba.

Ga tubalan a jere:

206,619,895,944 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 37 × 101 × 9,973

Abin da tubalan ke faɗa

Daga nan aikin girbi ne.

Wace lamba ce ke raba ta? Duk wadda za ka iya ginawa da tubalan da ke hannunka. 84 ita ce 2 × 2 × 3 × 7, duk muna da su, tana raba ta. 49 tana son bakwai biyu, guda gare mu, ba ta shiga. 60 tana son 5, babu. Masu rabon gado sun san asalin mas'ala bakwai: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Da lambarmu dukiya ce, duk bakwai ɗin suna raba ta ba ɓari, domin 24 ita ce 2 × 2 × 2 × 3. Sumuninta ma mun riga mun fitar, shi ne 25,827,486,993.

Ga wata ta gida. Bakwai yana raba ta, to in yau Juma'a ce, bayan kwana 206,619,895,944 ma Juma'a ce, Kofi ne za a haifa, sunan da Asante ke ba ɗan Juma'a. Maƙwabtanmu Asante kuwa kwana 42 suke zagayowa su yi bikin Akwasidae a Manhyia, fadar sarkinsu, kuma 42 ita ce 2 × 3 × 7. Ka fara ƙirga daga ranar Akwasidae, wannan adadin kwanakin zai sauke ka a kan wata Akwasidae cif.

Masu raba ta su nawa ne duka? Ka tuna tsayuwa gaban mai shinkafa da wake da safe. Tana tambayarka: ƙwai, a sa ko a bari? Taliya? Gari? Ganda? Kifi? Abu biyar, kowane zaɓi biyu, kwano iri 32 ke nan za a iya haɗawa. Haka 7, 11, 37, 101 da 9,973 suke, kowane ka ɗauka ko ka bari. Biyu kuwa zaɓinsa huɗu ne: kar ka ɗauka sam, ko ɗaya, ko biyu, ko uku. Uku yana da zaɓi uku. Sai a ninka: 4 × 3 × 32 = 384. Lambobi 384 ne ke raba ta daidai, har da 1 da ita kanta. Dokar a taƙaice: kowane tubali ka ƙirga sau nawa ya zo, ka ƙara ɗaya, ka ninka sakamakon.

In kuma jimlarsu kake so, ba sai ka jera 384 ka tara ba. Kowane tubali ka tara zaɓinsa. Na tubalin 2: 1 + 2 + 4 + 8 = 15. Na tubalin 3: 1 + 3 + 9 = 13. Sauran kowane ƙara masa ɗaya: 8, 12, 38, 102, 9,974. Ninka su duka:

15 × 13 × 8 × 12 × 38 × 102 × 9,974 = 723,700,673,280

Ɗebe lambar kanta, saura 517,080,777,336. Wannan ya ninka lambarmu kusan biyu da rabi. Malaman lissafi na Larabawa suna kiran irin wannan za'ida, wadda masu raba ta suka fi ta yawa in an tara su. Wadda ba su kai ta ba naƙisa ce, kamar 10, da 1 + 2 + 5 ke ba da 8. Wadda suka yi daidai da ita kuwa tamma ce, kuma ba su da yawa: 6, 28, 496, 8,128. Akwai kuma masoya, 220 da 284, kowace masu raba ta suna taruwa su ba da ɗayar. Sabitu bin Ƙurra ya fitar da ƙa'idar nemo irinsu a Bagadaza tun ƙarni na tara. Ina faɗa wa yara wannan ne don wasu suna zuwa da tunanin cewa lissafi na boko ne kawai, allo kuma daban.

Murabba'i ce? Wato akwai cikakkiyar lambar da ta ninka kanta ta ba da ita? Wutsiya ba ta hana ba, domin murabba'i yana ƙarewa da 0, 1, 4, 5, 6 ko 9, tamu kuma 4 ce. Tubala ne suka yanke hukunci: a murabba'i kowane tubali bibbiyu yake zuwa, mu kuwa biyu uku gare mu, bakwai guda. Ba murabba'i ba ce. In kana son ganin inda ta faɗa, 454,554 sau kanta 206,619,338,916 ne, 454,555 sau kanta kuwa 206,620,248,025, tamu tana tsakani.

A harshen kwamfuta na sifili da ɗaya, gurbi nawa za ta ci? Biyu in ya ninka kansa sau 37 yana ba da 137,438,953,472, sau 38 kuma 274,877,906,944. Tamu tana tsakaninsu, gurbi 38 ke nan. Kuma tunda biyu uku ne a cikinta, ƙarshenta 1000 ne, sifili uku a wutsiya.

In ƙashin ya fi ƙarfin haƙori

Gaskiya mun yi sa'a da 9,973. Da abin da ya rage mai alƙaluma takwas ne ko tara, gwajin ɗaya-ɗaya zai kai ka dubbai. Kafin ka miƙa wuya akwai wata dabara ta Fermat, wani lauya ɗan Faransa na ƙarni na goma sha bakwai, wadda take cin nasara da sauri in tubalan biyu sun kusa kai ɗaya.

A ce 8,051 ce. Nemi murabba'in da ya fara wuce ta: 90 × 90 = 8,100. Ɗebe: 8,100 − 8,051 = 49. Shi ma murabba'i ne, 7 × 7. To an gama: 90 − 7 = 83, 90 + 7 = 97, kuma 83 × 97 = 8,051. Da bambancin bai zama murabba'i ba, sai ka hau 91, 92, kana gwadawa. Wanda ya bi ta ɗaya-ɗaya sai ya wuce gagara-rabo ashirin da biyu kafin ya iso 83.

Shi kansa Fermat ɗin babbar lamba ta taɓa kayar da shi. Ya yi zaton 4,294,967,297 gagara-rabo ce, sai a 1732 wani masanin lissafi mai suna Euler ya nuna cewa 641 × 6,700,417 ce. A daidai wannan zamanin ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi yake rubutu da Larabci a kan yadda ake tsara hatimin lambobi, wanda kowane layi jimlarsa ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741. Mutumin Katsina ne, kamar kakannin wasu da ke zaune a zangon nan.

Akwai kuma inda hannu da kwamfuta duk suke tsayawa. Ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne mai sauƙi, warware su kuma in an ba ka sakamakon kawai, nan ake yin ta. A kan wannan wahalar aka gina makullin sirri na RSA a 1977, wanda har yanzu yake tsare ma'amala da yawa a intanet. A 2020 ne masana suka samu suka warware wata lamba irin wannan mai alƙaluma 250, bayan sun haɗa ƙarfin kwamfutoci masu yawan gaske. Makullan da aka saba amfani da su kuwa alƙaluma 617 gare su. Gane cewa lamba gagara-rabo ce ya fi warware ta sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa a watan Oktoba na 2024 aka iya tabbatar da wata mai alƙaluma 41,024,320: biyu ya ninka kansa sau 136,279,841, a ɗebe ɗaya.

In lambarka ta wuce alƙaluma goma sha biyar, ka koma ga Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, wanda ba ya yanke wa cikakkiyar lamba wutsiya komai tsawonta. Amma ko da shi, ka fara yin gwajin wutsiya da na gida-gida a takarda, don in ka yi kuskuren bugawa ka gane da wuri.

Ga ta gwaji, wadda nake ba 'yan ajina su tafi da ita gida ran Alhamis: 123,456,789. Mara ce, ba ruwanta da 2. Jimlar alƙalumanta 45, to cire 9, za ka sami 13,717,421. Gida-gida ba zai ba ka komai ba, na riga na gaya maka don kar ka zargi kanka. Ka koma ga Fermat, ka fara daga 3,704. Na farko ba zai buɗe ba, na biyu zai buɗe. Tubala biyun da za su fito kowane alƙaluma huɗu gare shi, sai ka tabbatar da su da gwajin ɗaya-ɗaya, kuma ba sai ka wuce 61 ba.